Zuwa aiki da kai yara makaranta a ƙasa ko a keke: ya isa motsa jiki?

"Malam, barka da aiki. Shekarata 46, aikin ofis nake yi, a zaune nake wuni. Tsakanin gidana da wurin aiki bai wuce kilomita 4 ba, makarantar yara da kantunan da muke sayayya kuwa duk ba su fi kilomita ɗaya ba, amma ko ina za ni sai na tayar da mota. Kwanan baya likita ya ce jinina ya fara hawa, sugana ma yana bakin gaɓa, ya ce in riƙa motsa jiki. Na yi rajista a gidan motsa jiki, ko wata biyu ban rufa ba na daina zuwa. Idan na koma yin waɗannan 'yan zirga-zirgar a ƙasa ko a keke, zai wadatar? Ko kuwa hayaƙin da zan shaƙa da haɗarin titi za su cinye amfanin?"

Malam, barka kadai. Abu uku kake son sani: ko gajerun tafiye-tafiye suna shiga lissafin motsa jikin da likita yake nufi, ko ribarsu ta rinjayi hayaƙi da haɗari, da kuma yadda za a yi abin ya ɗore, kada ya bi sahun gidan motsa jikin. Amsar ta farko, e, zai wadatar, har da rara. Ta biyu ma e ce a mafi yawan wurare, amma da sharaɗin hanyar da ka zaɓa. Ta uku kuwa ita ce ta sa nake fifita wannan shawara a kan kowace iri ga mai aikin zama: motsin da aka cusa cikin tafiyar da dole a yi ta, shi ne yake daɗewa, domin ba ya neman wani lokaci na daban a ranar da ta riga ta cika.

Lissafin mintuna

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, a haɗa da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Yara masu shekara 5 zuwa 17 kuma kimanin awa guda kullum. A da ana cewa sai motsin ya kai minti 10 a jere kafin a ƙirga shi. An cire wannan sharaɗi, yanzu ko minti biyar ka yi ya shiga lissafi.

To mu ɗora tafiyarka a kan wannan ma'auni. Mai tafiya da ɗan hanzari yana cin kilomita 5 a awa, wato kilomita ɗaya a minti 12. Mai keke a cikin gari, ba tare da wahalar da kai ba, yana yin kilomita 15 a awa, kilomita ɗaya a minti 4. Ofishinka ke nan minti 16 a keke, zuwa da dawowa minti 32, kwana biyar minti 160. Da wannan kaɗai ka haye mafi ƙarancin abin da ake nema. Raka yara makaranta a ƙasa ka dawo, minti 24 ne, a kwana biyar minti 120. Ka haɗa biyun ka samu 280, ka kusa taɓa saman ma'aunin, ba ka sa kayan wasanni ba, ba ka biya kowa kuɗin wata ba.

Sai dai a kula da kalmar matsakaici. Jan ƙafa ana duba waya bai kai ba. Alamar da za ka riƙe ita ce numfashi: kana iya magana da wanda kuke tafe tare, amma ba za ka iya rera waƙa ba. Idan kana son adadi, taku 100 a minti ɗaya shi ne kusan bakin matsakaici ga yawancin manya. Ka ƙirga takunka na daƙiƙa 15, idan ya kai 25 kana kan hanya. Lokacin raka ƙananan yara ba za ka kai haka ba, gajerun ƙafafu ne da su, saboda haka a dawowa kai kaɗai sai ka ɗaga ƙafa.

Game da lokaci, mutane kan yi kuskuren kwatanta minti 16 na keke da sifiri. Motar ma lokaci take ci. A ce tana kai ka a minti 10, ka ƙara fito da ita, da cunkoso a mararraba, da neman wurin ajiyewa, da 'yar tafiyar daga inda ka ajiye ta zuwa ƙofar ofis. Daga ƙofa zuwa ƙofa, bambancin mota da keke a tafiyar da ba ta kai kilomita 5 ba a cikin gari 'yan mintuna ne, a lokacin cunkoso ma keken kan riga isa. Ashe da ƙarin minti biyar ko shida kake sayen motsa jikin minti 16. Gidan motsa jiki kuwa, kafin ka samu rabin awa na gumi, ka kashe fiye da awa tsakanin zuwa, sauya kaya, wanka da komowa. Shi ya sa ake dainawa, ba lallai don lalaci ba.

Abin da bincike ya nuna, da inda ya tsaya

Tun a 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin manyan motocin safa masu hawa biyu da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, iska ɗaya, amma direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi yawa sosai a cikin direbobin. Abin lura shi ne kwandastocin ba 'yan wasa ba ne, motsin cikin aikinsu na yau da kullum ne ya kare su.

A 2017 masu bincike na Jami'ar Glasgow suka buga sakamakon bibiyar mutum sama da 260,000 a Birtaniya na kimanin shekara biyar. Masu zuwa aiki a keke, idan aka kwatanta su da masu zuwa a mota ko motar haya, haɗarin mutuwarsu a tsawon lokacin ya yi ƙasa da kashi 41 cikin 100, kamuwa da ciwon zuciya ya yi ƙasa da kashi 46, kamuwa da ciwon daji kuma kashi 45. Masu zuwa a ƙasa sun samu raguwar ciwon zuciya da kashi 27, kuma amfanin ya fi bayyana ga waɗanda tafiyarsu ta haura kusan kilomita 10 a mako. Ba wai keke ya fi ƙafa wani sirri ba ne. Masu keke sun fi yin nisa, sun fi haki.

Irin wannan bincike yana da iyaka, kuma ya kamata ka san ta. Bibiya ce, ba gwaji ba. Mai yiwuwa wasu sun zaɓi keke ne don dama can lafiyarsu ƙalau, ko da yake masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin shan taba, ƙiba da makamantansu. Saboda haka kada ka ɗauki 41 ɗin nan a matsayin alƙawari. Wanda ya fi ƙarfin hujja, kuma ya fi shafarka kai tsaye, shi ne gwajin da aka yi a Amurka aka buga a 2002, a kan mutum sama da 3,000 masu suga a bakin gaɓa irin naka. An raba su ta hanyar ƙuri'a. Rukunin da aka ɗora wa motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiya da hanzari, tare da gyaran ci don rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58. Rukunin da aka ba maganin suga mai suna metformin, kashi 31 ta ragu.

Dalilin a fili yake. Manyan tsokokin cinya da ƙwauri su ne suka fi kowane sashe na jiki zuƙar suga daga jini, kuma yayin da suke aiki suna zuƙarsa ko da insulin, sinadarin jiki da ke sa a kwashe suga daga jini, bai ba su umarni ba. Bayan an gama, jiki yana ci gaba da jin insulin da kyau na kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan abin ya fara dusashewa. Wannan ne ya sa ɗan motsi kullum ya fi wa mai suga amfani a kan tara shi duka a yi rana ɗaya, kuma ake cewa kada a tsallake fiye da kwana biyu a jere. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage tashin sugan da ke biyo baya, don haka aiken yamma zuwa kanti ka ajiye shi sai an ci abinci. Ta fannin hawan jini kuma, motsin yana sa jijiyoyin jini su saki jiki, su buɗe. Ga mai hawan jini, idan ya lizimci abin na makonni, lambar sama ta awon jini takan sauka da kimanin 5 zuwa 8. Ba kaɗan ba ne, ya kusa abin da ƙwayar magani guda take yi wa wasu.

Inda nake jan kunnen masu tambaya shi ne sikeli. Mutum mai kilo 70 yana ƙona kalori 250 zuwa 300 a awa guda ta tafiya da hanzari, kilo ɗaya na kitse kuwa ya haura kalori 7,000, sannan ci yakan ƙaru idan motsi ya ƙaru. Idan bayan wata biyu sikeli bai gusa sosai ba, kada ka ce abin bai yi aiki ba. Ka auna ƙugu da tef, ka duba lambobin jini da suga, ka lura da yadda kake hawa bene da yadda kake barci. Nan canjin yake fara fitowa. Haka batun taku 10,000 da ake ta yayatawa: asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka sayar a Japan a shekarun 1960. Nazarin da aka tattara a 2022 ya nuna ribar tana hawa har zuwa taku 8,000 zuwa 10,000 ga 'yan ƙasa da 60, da 6,000 zuwa 8,000 ga waɗanda suka haura, kuma wanda yake tasowa daga zama shi ya fi kowa cin riba a dubunnan farko.

Motar ma za ta huta

Ko ba don lafiya ba, tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ita ce mafi muni ga mota. Inji mai sanyi yana shan mai fiye da ƙima kafin ya ɗau zafi. Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa ba ta fara aiki sosai sai ta kai zafin digiri 250 zuwa 300, don haka mafi ƙazantar hayaƙin mota a mintunan farko yake fita, wato a layinku da ƙofar makarantar yara. Raɓar da ke taruwa cikin baƙin mai da salansa ba ta samun zafin da zai ƙone ta, mai ya lalace da wuri, salansa ta yi tsatsa daga ciki. Batir kuma ba ya samun damar mayar da cajin da tayarwa ta ci. Kowace lita ta fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya. Ka bar wa mota dogon zango da kaya masu nauyi, aikinta ke nan.

Hayaƙi da haɗari

Gaskiya ne mai keke yana jan numfashi fiye da mai zama a mota, ya fi shaƙar abin da ke cikin iska. Amma na cikin mota ma bai tsira ba, a tsakiyar layin hayaƙin yake zaune, iskar da ke shigo masa daga salansar motar gabansa take. Wani nazari da masana na Jami'ar Cambridge suka jagoranta a 2016 ya gano cewa a cikin biranen da Hukumar Lafiya ta Duniya ke da bayanansu, kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai iskarsu ta yi munin da cutarwar za ta fara rinjayar amfanin bayan rabin awa na keke a rana. Kuma kana da iko a kan rabonka na hayaƙin. Ƙazantar iska tana raguwa sosai da an ɗan nisanci babban titi, layi ɗaya ko biyu a baya ya isa a ga bambanci. A wurin tsayawa kada ka tsaya daidai bayan salansar babbar mota. Ranar da ƙura ko hayaƙi suka turnuƙe gari, musamman ga mai asma, a haƙura ko a rage sauri.

Haɗari ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A yawancin ƙasashe, idan aka auna kilomita da kilomita, mai keke ya fi na cikin mota shiga haɗari. Masu bincike a Jami'ar Utrecht sun lissafa a 2010 cewa wanda ya bar mota ya koma keke a gajerun tafiye-tafiye yana samun ƙarin rayuwa na wata 3 zuwa 14 saboda motsa jiki, yana asarar kwana 5 zuwa 9 saboda haɗari. Amma lissafin na ƙasar Holan ne, inda keke ke da hanyarsa daban. Mutanen Holan ma ba haka suka tashi ba: a 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a titunansu, fiye da 400 yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga, ga kuma matsalar man fetur ta 1973, daga nan aka fara sake fasalin tituna. Inda ba a yi wannan aiki ba, ratar riba da haɗari ba ta kai haka faɗi ba, kuma abin da ke rage haɗarin yana hannun mai tafiyar.

Babban abin shi ne gudun motocin da kake cuɗanya da su. Mutumin da mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa galibi yana rayuwa, daga 50 zuwa sama kuwa labari ya sha bamban. Don haka kada ka bi hanyar da kake bi da mota. Ranar da ba aiki, ka fita ka nemo wata ta cikin unguwa, ko da za ta ƙara kilomita ɗaya, minti huɗu ne kawai. Ka ƙirga wuraren da dole ka tsallaka babban titi, ka duba inda ya fi sauƙi. A mararraba ko shataletalen da ya fi ƙarfinka, ka sauka ka tura keken, ba abin kunya ba ne. Idan kuwa babu wata hanya sai babban titi mai gudu da manyan motoci, babu gefe, to ba na ba ka shawarar hawa keke a kansa. Ka ajiye mota nesa da ofis ka ƙarasa kilomita ɗaya da rabi a ƙasa, ka riƙe tafiyar makaranta da ta kanti.

A kan titi, keke yana bin hannun da motoci ke bi, ba ya fuskantarsu, domin direban da zai fito daga layi ba ya duban inda ba ya tsammanin abin hawa. Mai tafiya a ƙasa kuwa, inda babu hanyar masu ƙafa, shi yake fuskantar motoci don ya ga abin da ke zuwa. Kada ka manne da bakin kwalta, can ne ramuka da yashi da fasassun kwalabe suke, kuma mannewar tana gayyatar direba ya matse ka ya wuce. Ka bar tazarar mita guda tsakaninka da motocin da aka ajiye, ƙofa kan buɗe ba sallama. Mafi muni duka shi ne shiga tsakanin babbar mota da gefen titi a kusa da kwana: direban ba ya ganinka, kuma tayoyin baya suna yanko kwanar fiye da na gaba. Ka tsaya a bayanta har ta wuce. Da dare farar fitila a gaba, ja a baya, da kaya masu haske. Hular kwano tana rage raunin kai da kusan rabi idan ta zauna daidai, yatsu biyu sama da gira, igiya a ɗaure, amma ba ta hana karo.

Daidaita keke

Mafi yawan masu cewa keke ya ba su ciwon gwiwa, sirdi ne ya yi musu ƙasa. Ka zauna a kai, ka dafa bango, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, daidai ke nan. Ciwo a gaban gwiwa yana nuna sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ko ƙugu yana rangaji yana nuna ya yi sama. Ka riƙa gyarawa rabin santimita a lokaci guda. A jikin sandar sirdi akwai layin da ba a ɗaga ta ya wuce shi, idan sai ka wuce shi kafin ƙafarka ta miƙe, keken ya yi maka kaɗan. Idan yana da giya, ka zaɓi mai sauƙi ka riƙa juya feda sau 60 zuwa 80 a minti. Danna mai nauyi a hankali shi ke cin gwiwa. Ciwon mazaunai na makon farko ko na biyu kowa yana yinsa, yana wucewa, amma idan wajen al'aura yana dushewa ko yana mutuwa, hancin sirdin ya ɗaga, a daidaita shi ya kwanta sosai.

Iskar taya a rubuce take a gefen tayar, a duba ta duk mako. Taya mai laushi tana sa keke nauyi, kuma idan ta daki bakin rami sai rim ya cije tub. Alamarsa huda biyu gefe da gefe. Idan kuma faci yana maimaituwa a wuri guda, akwai ƙaya ko gilashi a maƙale cikin tayar, ko kan wayar taya ya huda robar da ke shimfiɗe cikin rim, a shafa cikin da yatsa a hankali kafin a mayar da tub. Wajen faci, a kankare wurin, a shafa gam siriri, a jira ya bushe kamar minti biyar kafin a manna. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen gam ita ke sa faci ya ɗago. Birki kuwa, idan ka matse hannunsa har ya taɓa abin riƙo, waya ta saki ko roba ta cinye, idan tsagar jikin robar ta shafe a sauya ta. Na gaba ya fi ƙarfin tsayarwa, a kama su biyun tare ana tura jiki baya, a ruwan sama kuma a fara kamawa da wuri. Sarƙa a ɗiga mata mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya, a goge rarar da tsumma, domin man da ya zauna a waje ƙura yake tarawa ta zama abin da ke cinye haƙoran da sarƙar ke bi.

Kaya a ɗaure su a kariyar baya ko cikin kwando, yawancin kariya tana ɗaukar kilo 25. Leda a rataye a hannun keke tana karkatar da kai, tana kuma iya shiga taya. Idan za ka ɗauki yaro, lallai a samu kujerarsa mai wurin sa ƙafa da abin da ya rufe wayoyin taya. Dunduniyar yaro ta faɗa cikin waya rauni ne mai muni da ake yawan gani, kuma cikin daƙiƙa guda yake faruwa. A ƙasa kuma, yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya kintatar gudun mota ba, a riƙe hannunsa, shi a ɓangaren da ke nesa da titi, kai a ɓangaren motoci.

Gumi, takalmi da yadda za a fara

Gumi yana da magani: ka fita da wuri minti biyar, ka tafi a hankali da safe, haki ka bar shi sai a dawowa. Jaka a baya ita ke jiƙa riga, a ɗora ta a kariya. Ka rage gudu a mintuna uku na ƙarshe don jiki ya huce kafin ka shiga, ka ajiye riga da ƙaramin tawul a ofis. A lokacin zafi a guje wa tsakar rana, a sha ruwa kafin a fita. Takalmin tafiya ya zama mai faɗin gaba, da tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin, a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Duk wanda suga ya fara taɓa wa jijiyoyin ƙafa ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, bororon da ba a ji zafinsa ba shi ke zama gyambo.

Tsakanin ƙafa da keke ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Ƙasa da kilomita 2 ƙafa ta fi, ba fito da keke, ba neman inda za a ɗaure shi, kuma tafiya tana ɗora wa ƙashi nauyin da ke ƙarfafa shi, abin da keke ba ya yi. Daga 2 zuwa 8 na keke ne, shi ne kuma ya fi sauƙi ga mai ƙiba ko mai ciwon gwiwa, tunda sirdi ke ɗauke da nauyin. Duka biyun ba su cike gurbin ƙarfafa tsokar hannu, baya da ciki ba, wannan sai ka nema masa minti 15 sau biyu a mako a gida.

Mako biyun farko ka tsaya a kan tafiyar makaranta da kanti. A na uku ka ƙara keke zuwa ofis kwana biyu, ba a jere ba, sannan ka riƙa ƙara kwana ɗaya duk bayan mako biyu. Wanda ya tashi da kwana biyar tun farko, galibi ciwon jiki ke mayar da shi cikin mota kafin wata ya ƙare. Ranar ruwa ko ranar kaya masu yawa ka hau motarka ba tare da jin ka karya wata doka ba, kwana uku ko huɗu a mako ma sun isa.

Tunda jininka ya fara hawa, ka koma wa likitanka da wannan tsari kafin ka fara, shi ya san lambobinka da zuciyarka. Idan awo ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, ba ranar motsa jiki ba ce, ranar ganin likita ce. Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, jiri, bugun zuciya mara tsari, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, duk dalilai ne na tsayawa nan take a nemi asibiti. Idan nan gaba aka ɗora ka a kan insulin ko ƙwayoyi irin su glibenclamide, suga na iya faɗuwa a hanya, ka riƙa tafiya da ɗan abu mai zaƙi a aljihu, alamarsa rawar jiki, gumi mai sanyi da yunwa kwatsam. Maganin da aka rubuta maka kada ka rage shi da kanka don ka ga lambobi sun yi kyau. Ka riƙa auna jinin da safe, a zaune, bayan hutun minti biyar, kwana uku a mako, kana rubutawa tare da mintunan da ka yi. Bayan wata uku ka kai wa likita takardar, a sake gwajin suga, shi zai faɗa maka ko akwai abin da za a rage.